Sayen gida a Ingila: matakan da na bi tun daga banki har zuwa hunturun farko

Duk wanda zai sayi gida a Ingila ya san abu ɗaya tun kafin ya kashe ko fam guda: sallamawar mai gida ba ta ƙulla ciniki. Za ka taya, a sallama maka, ka biya lauya, ka biya mai duba gini, banki ya amince, a kwashe watanni ana kai da komo, amma har zuwa ranar da lauyoyi za su yi musayar takardar yarjejeniya kowane ɓangare yana da damar janyewa ba tare da ya biya ɗayan ko sisi ba. A kan wannan ne duk lissafin yake tafiya, wato wane kuɗi za ka kashe tun ana cikin rashin tabbas, wanne za ka jinkirta, kuma me yake jiranka bayan makulli ya shigo hannu. Na bi matakan ne bayan sauyin harajin da ya fara aiki ranar 1 ga Afrilu 2025, don haka alƙaluman da zan kawo na wannan tsari ne. Sikotland dokarta daban ce, can mai sayarwa ne yake kawo rahoton lafiyar gida, kuma ciniki yakan ƙullu da wuri, saboda haka kada a ɗauki abin da na faɗa a kai can.

Da banki na fara. Dillalan gidaje ba su cika kula tayin wanda ba ya riƙe da takardar amincewar farko, wadda banki ke bayarwa bayan ya leƙa albashinka da tarihin basussukanka, yana cewa bisa abin da ya gani zai iya ba ka har kaza. Kyauta ake ba da ita, sau da yawa a yini ɗaya, amma ba alkawari ba ce. Yawancin bankuna suna tsayawa a ninki huɗu zuwa huɗu da rabi na abin da kake samu a shekara, sannan su rage gwargwadon nauyin da ke kanka, kamar bashin mota, katin bashi da kuɗin renon yara. Mafi ƙarancin kafin alƙalamin da yawancin bankuna ke karɓa shi ne kashi 5 cikin 100 na farashin gida, sai dai abin da za a yanka maka wata-wata yana sauƙi idan ka kai kashi 10, ya ƙara sauƙi a kashi 25. Wanda bai samu izinin zama na dindindin ba ya shirya, domin bankuna da dama ko dai su ƙi shi, ko su nemi kafin alƙalami mai nauyi. Mai shekara 18 zuwa 39 kuma ya buɗe asusun ajiya mai suna Lifetime ISA tun da wuri: kana zuba har fam 4,000 a shekara, gwamnati ta ɗora maka kashi 25 cikin 100, da sharaɗin gidan farko ne, bai wuce fam 450,000 ba, kuma asusun ya cika wata 12 da buɗewa.

Hanya biyu ce a gaban mai saye. Akwai bashin gida na yau da kullum mai kuɗin ruwa, akwai kuma musharaka mai raguwa da wasu 'yan bankuna ke yi, wadda ita ma FCA, hukumar kula da harkokin kuɗi, ke sa wa ido. Ta biyun na bi. Ni da banki muka haɗa kuɗi aka sayi gidan, kowane wata ina biyan haya a kan kason banki, ina kuma sayen wani yanki na kason, ta yadda hayar ke raguwa yayin da rabona ke ƙaruwa. Yawanci wannan hanya ta ɗan fi tsada, saboda masu yinta ba su da yawa. Banki yana da nasa lauya daban da naka, wato takardu za su riƙa zagaya tebur uku maimakon biyu, kuma ba kowane lauya ne ya saba da tsarin ba, don haka ka nemi jerin waɗanda bankin ya yarda da su. A tsarin da na shiga sunan banki ne a kan rajistar mallaka har sai na gama saye, ni kuma aka yi mini rajistar haya mai dogon zango. Ka karanta wannan sashe na yarjejeniyar da idon basira, ka tambayi abin da zai faru idan ka so sayarwa kafin wa'adi.

Takardun da aka nema ba su da wuyar haɗawa: fasfo da shaidar izinin zama, takardun albashi na wata uku, bayanin asusun banki na wata uku, takardar P60 ta ƙarshen shekarar haraji, da shaidar adireshi. Mai sana'ar kansa akan nemi lissafin harajinsa na shekara biyu. Inda mutane suka fi yin tuntuɓe shi ne asalin kuɗi. Dokar hana halatta kuɗin haram ta wajabta wa dillali da lauya da banki su binciki inda kafin alƙalaminka ya fito, kuma kowannensu daban yake tambaya, ba ya dogara da binciken ɗan'uwansa. Kuɗin da aka zuba tsaba a asusu, kwasar adashi, ko wanda aka turo daga wata ƙasa, duk sai an bi sawunsu har tushe. Idan ɗan'uwa ne ya taimaka maka, zai rubuta takarda cewa kyauta ce ba rance ba kuma ba shi da haƙƙi a gidan, ya haɗa da fasfonsa da bayanin asusunsa. Shawarata ita ce kuɗin ya taru a asusu ɗaya wata shida kafin ka fara neman gida, kowane babban shige kuma ka ajiye takardar da ke bayyana shi.

Da na ga gidan da ya kwanta mini, ban taya ba sai da na yi binciken da mutum zai iya yi daga ɗakinsa. Da fam 7 ake sauke kwafin rajistar mallakar kusan kowane gida daga ofishin rajistar filaye na HM Land Registry, inda za ka ga mai shi, da ko akwai bashi a kansa, da sharuɗɗan da suka biyo filin. Farashin da aka sayar da gidajen layin a baya a fili yake, kowa yana iya dubawa kyauta, haka ma taswirar ambaliya da takardar EPC mai nuna yadda gida ke cin wuta da gas, daga A mafi kyau zuwa G. Babbar tambaya ita ce irin mallakar. Akwai ta dindindin, inda gini da ƙasa duk naka ne. Akwai ta wa'adi, wadda kusan duk gidajen da ke cikin benen da aka kasa gida-gida ke kai, inda ka sayi zama na wasu shekaru, ƙasar kuma ta wani ce, kana biyan kuɗin hidimar gini kowace shekara, a tsofaffin yarjejeniyoyi har da kuɗin ƙasa. Wa'adin da ya kusa sauka ƙasa da shekara 80 abin gudu ne, domin tsawaita shi yana tsada kuma bankuna suna ɗari-ɗari da shi. Nawa na dindindin ne, gida mai haɗe da na maƙwabci ta bango ɗaya. Na taya ƙasa da abin da aka sa, aka ce albarka, na ƙara, aka sallama. A tuna cewa dillalin ma'aikacin mai sayarwa ne, daga wurinsa yake karɓar la'ada, komai faran-faran ɗin da zai yi maka. Abin da na nema a wurinsa nan take shi ne ya sauke tallan gidan, domin ciniki a kan ciniki halal ne a dokar Ingila, wani yana iya zuwa da ƙarin fam dubu biyar ya ɗauke gidan bayan ka kashe kuɗin lauya.

Daga nan kuɗi suka fara fita. Aikin lauya na gida irin wannan yakan kama tsakanin fam 1,000 da 2,000, ban da kuɗin bincike a ofisoshi, wanda ke cin fam ɗari uku zuwa huɗu da wani abu. Ka nemi a rubuta maka jimilla har da harajin VAT, ka kuma tambayi nawa za ka biya idan ciniki ya rushe. Jerin da na bi, wanda har yanzu nake ganin shi ne daidai, shi ne na bar banki ya fara aiko mai ƙiyasta farashi, domin idan ya ce gidan bai kai abin da na taya ba, magana ta canza tun kafin na zuba kuɗi a sauran wurare. Da ƙiyasin ya fito lafiya, sai na saki binciken lauya da duban gini a lokaci ɗaya. Kada wani ya ruɗe ka cewa ƙiyasin banki ya wadatar. Banki tambaya ɗaya yake yi, ko zai fanshe kuɗinsa idan aka sayar, wani lokaci ma daga kwamfuta ake yi ba tare da an taka gidan ba. Duban gini naka ne, kai za ka biya. RICS, ƙungiyar masu duba gini, tana da mataki uku: na biyu ya isa ga gida na yau da kullum da bai tsufa sosai ba, na uku kuma na tsohon gida ne ko wanda aka yi wa gyare-gyare da yawa, kuma yana iya haura fam 1,000.

Mai duban ya yarda na same shi a ƙarshen aikinsa, kuma wannan ziyara ta fi mini rahoton kansa amfani. Ya ɗora wata 'yar na'ura mai tsinke biyu a bangon falo dab da ƙasa, fitilarta ta tashi daga kore ta koma ja. Sai ya fita da ni waje ya nuna mini dalili. An yi wa harabar gidan sabon daɓe, aka ɗaga shi har ya haura layin kariyar danshi da ke cikin bulo, wanda ya kamata ya kasance santimita 15 sama da ƙasa, kuma daɓen ya toshe ramukan shan iska guda biyu da ke busar da katakon ƙarƙashin falo. Ruwan sama yana fantsama, bango yana sha, katako ba ya bushewa. Ya ce kada na yarda a sayar mini da allurar maganin danshi a bango, a sare daɓen a buɗe ramukan, bango zai bushe da kansa cikin watanni. Rahoto yana zuwa da maki uku, kore da ruwan ɗorawa da ja, kuma tsohon gida yakan fito da ja a wuta da gas saboda mai duban ba shi da hurumin gwada su, don haka kada yawan jan ya firgita ka. Abin dubawa shi ne rufi, tsagewar bango mai faɗi, danshi, da wata ciyawa mai suna Japanese knotweed da bankuna ke gudu. Na samo farashin gyara a rubuce daga magina biyu, na tura wa dillali, aka rage mini wani abu daga farashin. Ragi da takarda a hannu yana tafiya, na fatar baki ba ya zuwa ko'ina.

A ɓangaren lauya, bincike uku ne ginshiƙi: na ƙaramar hukuma, mai nuna izinin gini da ko hanyar ƙofar gidan hukuma ce ke kula da ita, na ruwa da magudana, da na muhalli mai nuna ambaliya da gurɓatar ƙasa. A yankunan da aka taɓa haƙar kwal ana ƙara na huɗu. Na ƙaramar hukuma ne yake jan lokaci, wani wuri 'yan kwanaki, wani wuri makonni da yawa. Mai sayarwa kuma yana cike fom TA6, inda zai faɗi rigimar maƙwabta, iyakoki da gyaran da aka yi, da fom TA10 mai lissafa abin da zai bari da abin da zai kwashe, har labule da fitilu. A nan aka gano an cire bango tsakanin kicin da ɗakin cin abinci ba tare da takardar shaidar masu kula da ƙa'idar gini ba, an kuma canza tagogi babu takardar FENSA mai shaida cewa an sa su bisa ƙa'ida, wadda ake buƙata ga tagogin da aka sa tun daga Afrilu 2002. Maganin da lauyoyi suka saba kawowa shi ne wata inshora da ake biya sau ɗaya, mai kare ka idan hukuma ta zo da magana. Abu biyu game da ita. Tana kare ka daga hukuma, ba ta tabbatar da cewa ƙarfen da aka ɗora a madadin bangon zai ɗauki nauyi, wannan sai injiniya. Sannan da zarar kai ko mai sayarwa ya kira ƙaramar hukuma yana tambaya a kan aikin, inshorar ba za ta yiwu ba. Ka yi magana da lauyanka kafin ka ɗaga waya.

Sai jira, wanda shi ne mafi ɗacin matakin. Mai sayar mini yana sayen wani gida, wanda yake saya a wurinsa shi ma yana sayen wani, kuma dole kowa ya shirya a rana ɗaya. Kamar ayarin raƙuma ne, idan ɗaya ya durƙusa kowa ya tsaya. Akwai makonnin da babu abin da ya motsa saboda wata takarda da ake jira a gidan da ban taɓa gani ba, ga kuɗin da na riga na kashe, ga amincewar banki mai wa'adin wata shida tana cin lokacinta. Barci yakan yi wuya a irin wannan hali. Abin da ya taimaka shi ne tambaya takamaimai sau ɗaya a mako, ta imel: me ake jira, a hannun wa yake, yaushe aka nema. Dillali ne ya fi amfani a nan, domin shi yana iya magana da kowa a jerin, kuma la'adarsa ba ta fitowa sai an kammala. Idan kana haya, kada ka ba mai gidan hayarka sanarwar tashi sai bayan musayar yarjejeniya. Biyan hayar wata ɗaya a banza ya fi zama da iyali a otal.

A wannan tsakanin lauya ya turo fom ɗin harajin sayen gida, kuma ina roƙon duk mai dukiya a wata ƙasa ya nutsu a nan. Ƙa'idar yau da kullum ita ce babu haraji a kan fam 125,000 na farko, kashi 2 daga nan zuwa 250,000, kashi 5 daga nan zuwa 925,000. Mai sayen gidan farko ba ya biyan komai har fam 300,000, sai kashi 5 a kan abin da ya haura zuwa 500,000. Amma a idon hukumar haraji mai sayen gidan farko shi ne wanda bai taɓa mallakar gidan zama ba a ko'ina a duniya, ko da gado ya ci, kuma idan mutum biyu ne suke saye dole dukansu su cika sharaɗin. Wanda kuma yake da wani gida a halin yanzu, a kowace ƙasa, wanda darajarsa ta kai fam 40,000, ana iya ɗora masa ƙarin kashi 5 a kan dukan farashin. Ɗauki gidan fam 240,000. Mai sayen farko ba ya biyan komai. Wanda ya taɓa mallaka ya sayar zai biya 2,300. Wanda ƙarin ya hau kansa zai biya 14,300. Gidan miji ana lissafa shi a kan mata, na mata a kan miji. Akwai kuma ƙarin kashi 2 ga wanda bai yi kwana 183 a Birtaniya ba cikin wata 12 kafin saye. Ana biyan harajin cikin kwana 14 da kammala ciniki, lauya ne ke turawa, amma amsar da ke kan fom ɗin taka ce, kai za a kama idan ba gaskiya ba ce.

Musayar yarjejeniya ba taro ba ce. Na riga na sa hannu a takardu, na tura kafin alƙalami, wanda a al'ada kashi 10 ne, lauya ya kira ni ya tambaya ko na ba shi izini, sannan lauyoyin suka yi magana ta waya suka rubuta lokaci. Daga wannan minti wanda ya janye zai yi asara mai yawa, mai saye ya rasa kafin alƙalaminsa. Kafin na tura kuɗin na kira ofishin lauya ta lambar da ke kan takardarsu ta farko na tabbatar da lambar asusu, na fara aika fam ɗaya, suka ce ya shiga. Mazambata suna kutsawa cikin imel su aiko saƙo da sunan lauya cewa an canza asusu, kuma mutane sun rasa tarin shekaru ta haka. Inshorar gini ma daga ranar musaya take farawa, domin daga ranar haɗarin ya dawo kanka ko da ba ka shiga ba. Adadin da za ka sa shi ne kuɗin sake gina gidan daga tushe, wanda ke cikin rahoton mai duba gini, ba farashin kasuwa ba. Ranar kammalawa kuɗi suna bin jerin ne daga ƙasa zuwa sama ta CHAPS, tsarin tura kuɗi tsakanin bankuna a yini ɗaya, kowane lauya yana jiran nasa ya shigo kafin ya tura gaba, shi ya sa makulli ba ya fitowa da safe. Sai bayan azahar dillali ya kira na je ofishinsu na karɓa. Idan da hali a guji Juma'a, domin in kuɗi suka maƙale babu gyara sai Litinin.

A yinin farko na ɗauki hoton mitar wuta, gas da ruwa, na canza makullan ƙofofi, na nemo babban makunnin ruwan gidan, wanda yawanci yake ƙarƙashin wurin wanke-wanke a kicin, na gwada shi don na tabbata yana juyawa. Wuta da gas kana gadon kamfanin da ke kai, ka ba shi karatun mita, daga baya ka canza idan ka so. Kamfanin ruwa ba a zaɓensa. Harajin ƙaramar hukuma yana hawa kanka daga ranar, an kasa gidaje rukuni takwas daga A zuwa H bisa darajarsu ta 1 ga Afrilu 1991, ana biya sau goma daga Afrilu zuwa Janairu, kana iya neman a mayar sau 12, babba mai zama shi kaɗai kuma yana da ragin kashi 25. Rajistar sunanka tana iya ɗaukar watanni, wannan ba abin tsoro ba ne muddin lauya ya shigar da takardu. Na kuma yi rajista da tsarin Property Alert na ofishin rajistar filaye, kyauta ne, yana aiko saƙo idan wani ya taɓa rajistar gidan.

Hunturu ne yake nuna wa mutum bambancin ɗan haya da mai gida. Tukunyar ɗumama gida tana da agogon matsin ruwa, allurar ta tsaya tsakanin 1 da 1.5 idan ta huce. In ta faɗi ƙasa tukunyar za ta ƙi tashi, sai ka buɗe ɗan bututun ƙari a hankali har ta dawo. In kuma tana yawan faɗuwa, akwai inda ruwa ke yoyo. Ranar da sanyi ya kai ga ƙanƙara tukunyar ta mutu da wani sauti na gurgura, dalilin kuwa siririn bututun roba da ke fitar da ruwanta waje ne ya daskare. Ruwan ɗumi ake zuba masa, ba tafasasshe ba, sannan a naɗe shi da soso. Duk abin da ya wuce wannan aikin ƙwararren mai gyaran gas ne da ke da rajistar Gas Safe, a kira shi sau ɗaya a shekara, a kuma rataye na'urar gano iskar gas mai guba kusa da tukunyar. Baƙin funfuna a kusurwar ɗaki da bayan kabad yawanci daga cikin gida yake, tururin girki da wanka da shanyar kaya ne ke sauka a bango mai sanyi, maganinsa fankar fitar da iska, buɗe taga na ɗan lokaci kullum, da matsar da kaya daga jikin bango. Indararo a share shi bayan ganye ya gama zuba. Mai doguwar tafiya ya duba takardar inshorarsa, da yawa suna rage kariya idan gida ya yi kwana 30 ko 60 babu kowa. Mai son faɗaɗa gini kuma ya san cewa dokar 1996 ta wajabta ba maƙwabci sanarwar wata biyu a rubuce kafin a taɓa bangon da kuka haɗa.

Da na kwatanta da 'yan'uwa da abokai masu gida a wasu ƙasashe, sai na ga kowace ƙasa da inda take ajiye nauyin. Na ce wa yayana da ke Amurka, "Yaya, ku da kuke ƙulle farashin bashi shekara 30, me ya rage muku na damuwa?" Ya ce, "Kai dai bari, ƙanena, haraji da inshora ai ba a ƙulle su." Can harajin gida yana bin darajar gidan ne, ana sake ƙiyasta ta lokaci-lokaci, a jihohi irin su New Jersey da Illinois yana kaiwa wajen kashi 2 cikin 100 a shekara, kuma banki yakan haɗa shi da inshora a cikin biyan wata, sai ka ga biyan ya tashi alhali bashin bai motsa ba. Inshorar gida ta yau da kullum ba ta ɗaukar ambaliya, daban ake sayenta. Wanda kafin alƙalaminsa bai kai kashi 20 ba yana biyan wata inshora mai kare banki. Unguwanni da yawa kuma suna da ƙungiyar masu gidaje mai karɓar kuɗi, mai cin tara a kan ciyawa ko launin fenti. A Jamus nauyin a bakin ƙofa yake. Dole a je gaban notari, jami'in shari'a mai karanta yarjejeniyar da baki daga farko har ƙarshe, harajin saye yana tsakanin kashi 3.5 a Bavariya da 6.5 a wasu jihohi, ga kuɗin notari da rajista wajen kashi 2, ga rabin la'adar dillali. Bayan an shiga, mai duba bututun hayaƙi yana zuwa bisa doka, share ƙanƙara a hanyar ƙofar gida ma akan ɗora wa mai gida, in wani ya zame ya ji ciwo ana iya kama shi. A Faransa ciniki yana ƙulluwa tun daga yarjejeniyar farko, mai saye yana da kwana 10 na canza shawara, kuɗin notari da haraji na tsohon gida kashi 7 zuwa 8 ne, harajin mallaka kuma yana zuwa kowace kaka. Wahalar jiran da na sha a Ingila su ba su san ta ba, amma abin da suke biya kafin su shiga ya ninka abin da na biya.

Da za a tambaye ni abin da za a shirya, zan ce a ware aƙalla fam dubu uku zuwa huɗu ban da kafin alƙalami da haraji, domin lauya, bincike, duban gini, kuɗin tsarin banki da ɗaukar kaya, kuma a ɗauka cewa kusan rabinsu suna iya tafiya a banza idan ciniki ya rushe. A bar wani abu a asusu bayan an shiga, domin sabuwar tukunyar ɗumama gida kaɗai tana cin fam dubu biyu zuwa uku, kuma ba ta sallama kafin ta mutu. A buɗe fayil ɗaya tun ranar farko, duk takardar gyara, garanti da shaidar gas ko wuta ta shiga ciki, domin tambayoyin da na yi wa mai sayar mini su za a yi mini ranar da zan sayar.

Sai maganar wa'adin farashi, wadda masu gida a Ingila suka fi kwana da ita a rai. A nan shekara biyu ko biyar ake ƙulle abin da kake biya, in wa'adin ya ƙare ka faɗa kan farashin banki na yau da kullum, wanda ya fi tsada nesa ba kusa ba. Babban Bankin Ingila ya ɗaga ma'aunin kuɗin ruwansa daga kashi 0.1 a farkon Disamba 2021 zuwa 5.25 a Agusta 2023, kuma waɗanda wa'adinsu ya ƙare a tsakanin sun ga biyansu na wata ya ƙaru da ɗaruruwan fam. Hayar musharaka ba ta tsira daga wannan ba, ita ma kasuwa take bi idan aka zo sabuntawa. Yawancin bankuna suna barin mutum ya kama sabon farashi wata uku zuwa shida kafin tsohon ya ƙare, kuma a bashi na yau da kullum akan yarda ka rage har kashi 10 na abin da ya saura a shekara ba tare da tara ba. Duk fam ɗin da ka rage kafin ranar sabuntawa yana iya saukar da kai zuwa rukuni mai rahusa, misali daga bashin kashi 90 na darajar gida zuwa 85, don haka ka lissafa nawa ya rage ka tsallaka rukunin wata shida kafin wa'adin, ka tara shi, sannan ka nemi a sake ƙiyasta gidan idan ka yi masa gyara mai ƙara daraja.